Ranar da Muka Ƙi Shiga Aji

Shekarun baya, a shekarar da korona ta sa aka rufe makarantu, ina koyar da lissafi a wata firamare da ke wani ƙauye kusa da Tarai, a ƙasar Kibiya. Gidana yana Rano. Kullum da safe nake hawa mashin ɗina in tafi, in dawo bayan azahar. Yanzu abin ya wuce, har ba'a ake yi da shi a majalisa, amma na ga ya kamata in ba ku labarin yadda muka koma makaranta a wancan lokaci, domin na lura da yawa sun manta irin fargabar da aka sha.

Gara in faɗa muku tun da wuri: a duk malaman makarantar nan babu matsoraci kamata. Takunkumi biyu nake sawa, ɗaya a kan ɗaya. Makullin mashin ɗina ma sai na wanke shi da sabulu. Idan wani ya miƙo mini hannu a ƙofar masallaci, sai in yi sauri in dafe ƙirji in yi ta jero masa gaisuwa har ya gaji ya mayar da hannunsa.

Amma ina da dalili. Mahaifiyata a gidana take, kuma tana fama da ciwon suga da hawan jini. A watannin kullen nan kuwa, kusan kullum sai mun ji labarin rasuwar wani dattijo a birni. Wani ƙanin mahaifina da ke zaune a can ya yi tari na 'yan kwanaki, kafin mu gama shawarar yadda za a je duba shi sai waya ta zo cewa har an kai shi. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji mahaifiyata ta yi gyaran murya a ɗaki sai gabana ya faɗi.

Ana cikin kaka, an fara cire gyaɗa ana yankan dawa, sai muka ji a rediyo cewa za a buɗe makarantu. Mai sanarwar ya lissafo sharuɗɗa da murya mai daɗi: a bar tazara tsakanin yara, a tanadi ruwa da sabulu a ƙofar kowane aji, kowa ya sa takunkumi, a buɗe tagogi iska ta riƙa shiga. Ina zaune a zaure na yi dariya ni kaɗai, irin dariyar da ba ta daɗi ba. A ajina yara a ƙasa suke zama, gwiwa na gogar gwiwa, idan na so zuwa bayan aji sai na yi ta tsallake ƙafafu. Tagogin kuwa an daɗe da toshe su da langa-langa saboda awaki da masu ɗauke-ɗauke. Rijiyar burtsatsen makarantar ta lalace tun kafin annobar. Ruwan da ake sha shi ne wanda wani yaro zai zo da shi a robar lemo, ta zagaya baki-baki har ta ƙare.

Shugabar makarantarmu ta kira taron malamai ana saura 'yan kwanaki a koma. Mace ce mai sanyin magana, Hajiya muke ce mata, ba ta da faɗa amma ba a juya ta. Muka zauna a gindin darbejiya, ni na ja kujerata can gefe.

Abokina, malamin Turanci, mutumin Zinyau, shi ya fara magana. Tare muka yi karatun koyarwa, kuma duk duniya babu mai tsokanata kamarsa.

Ya ce, "Hajiya, ni fa ban ga abin taro ba. Korona ciwon masu hawa jirgin sama ne. Me za ta zo nema a garin da mota ma sai ranar kasuwa take shigowa? In ta zo, yunwa ce za ta kore ta."

Aka yi dariya. Wata malama da ke da goyo ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, kai kana wasa. Ni da jaririya nake shiga aji. In na kwaso wani abu, wa zan kai wa ƙara?"

Ba tare da an shirya ba duk muka juya muka kalli dattijon da ke cikinmu. Shi ne malamin Arabiyya da addini, ya kusa ritaya, rabin iyayen yaran garin ma shi ya koyar da su. Yana da ciwon asma mai tsanani, ko ƙurar alli ta yi yawa sai ya fita waje ya dafa bango. Ya ga muna kallonsa, ya yi murmushi ya ce, "To, ni kuka mayar abin kallo? Rai a hannun Allah yake." Amma na ga yadda yake murza carbinsa da sauri.

Hajiya ta ce umarni ne daga sama, ba ta da ikon ƙin buɗe makaranta. Sannan ta ce, "Amma da umarnin buɗewa da sharuɗɗan tare suka zo. Ba zan karɓi ɗaya in yar da ɗaya ba. Ranar Litinin kowa ya zo a kan lokaci. Za mu karɓi yara, za mu koyar da su a fili. Ɗakunan nan dai ba za mu cusa 'ya'yan mutane a ciki ba, mu ma ba za mu shiga ba, sai an gyara. Ba yajin aiki ba ne. Duk wanda ya tambaya, ku ce ni na ce."

Na san abin da take ɗaukar wa kanta. Ana iya ɗauke ta daga kujerar, a jefa ta wani lungu. Duk da haka, ni da na koma gida tunanina daban ne: in nemi hutun rashin lafiya in zauna abina. Na sami mahaifiyata tana tsince wake a faranti, na tsaya daga bakin ƙofa na faɗa mata. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, sai dai "kai".

Ta ce, "Kai, wace rashin lafiya gare ka?"

Na ce, "Inna, saboda ke ne."

Ta ajiye farantin. "Idan kowane malami ya zauna gida saboda tsohuwarsa, 'ya'yan mutane wa zai koya musu? Kuma ka bar mace ta tsaya ita kaɗai? Tashi ka tafi aikinka." Na juya zan fita, sai ta ƙara da cewa, "Amma in ka dawo, kada ka shigo mini sai ka yi wanka ka sauya kaya. Na san ajali yana nan tafe, amma ba gaggawa nake yi ba."

Ranar Litinin yara suka cika makaranta. Wasu sun yi tsawo har wandon makaranta ya koma musu iya ƙwauri, wasu hannuwansu sun yi kanta saboda aikin gona. Suna ta murna, suna son rugowa su gaishe mu, muna ta ja da baya kamar masu gudun bashin gaisuwa. Muka zaunar da su a fili, a warwatse, ƙofofin azuzuwa kuwa a kulle. Kafin hantsi ya ɗaga rana ta fara dukan ƙananan, inuwar darbejiyar ba ta isa ko aji guda ba. Kafin a fita tara labari ya gama gari cewa malamai sun ƙi buɗe aji, sun shanya yara a rana.

Sai ga iyaye. Wasu daga gona suka taho kai tsaye, da lauje a hannu. A gabansu akwai shugaban iyayen yara, wani Alhaji mai sayen hatsi yana kaiwa birni, mutum mai murya kamar ana kiran kasuwa.

Ya ce, "Hajiya, wannan wane irin wulaƙanci ne? Wata da watanni kuna kwance a gida, mu muna fama da yaran nan. Yau an ce ku dawo, kuma kun ɓullo da wata dabara? In ba kwa son aikin ku faɗa mana!"

Hajiya ta fara bayani, amma hayaniya ta danne muryarta. Wani ya ce korona ƙarya ce. Wani ya ce malaman zamani ba su da tsoron Allah. Na ga dattijon malaminmu ya yunƙura zai shiga tsakiyar taron ya ba su haƙuri, cikin wannan cunkoso da numfashi da ƙura. Ban san lokacin da na sha gabansa ba. Na ɗaga hannu na fara magana.

Ba wanda ya ji abin da na ce. Takunkumi biyu ne a bakina.

Alhaji ya ce, "Malam, cire tsumman nan mu ji ka."

Na ja da baya sosai, na cire ɗaya, na bar ɗaya. Na ce, "Alhaji, gaskiya ɗaya ce: tsoro muke ji. Ni dai tsoro nake ji. Ina da tsohuwa a gida mai ciwon suga. Ga Malam nan, kun san ƙirjinsa, shi ya koyar da da yawa daga cikinku. Ba aikin muke gudu ba, ga mu mun zo. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ka shiga ajina ka gani da idonka."

Hajiya ta miƙa mini makulli, na buɗe. Alhaji ya shiga shi kaɗai, na janyo ƙofar kamar yadda muke yi idan hayaniyar waje ta yi yawa. Ɗakin ya yi watanni a rufe, duhu, zafi, ba inda iska za ta shiga. Bai daɗe ba ya turo ƙofar ya fito yana share gumi da hularsa.

Na ce, "Alhaji, kai kaɗai ke nan. A nan tagwayenka suke zama, su da duk sa'o'insu na garin nan. In ɗaya ya yi tari, kowa ya shaƙa. Don Allah, in sun koma gida, a ɗakin wa suke kwana?"

Ya dube ni. Sannan a hankali ya ce, "Ɗakin kakarsu."

Kusan kowa a taron nan yana da tsoho ko tsohuwa a gida, kuma kowa ya san jikoki a jikinsu suke kwana.

Alhaji ya mayar da hularsa, ya juya wajen Hajiya. Muryarsa ta sauka. "To, yanzu me kuke so?"

Ta ce, "Abu uku, Alhaji. Inuwa, da iska, da ruwa. Na rubuta sama, amma ban san ranar da za a waiwaye mu ba."

Ya kalli gonakin da suka kewaye makarantar, duk an yanke dawa, kara a zube ko'ina. Ya ce, "Inuwa? A kaka? Kara ne zai gagare mu?"

Da la'asar dagaci ya sa aka yi shelar gayya. Jama'a, na sha ganin gayyar noma, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Washegari tun da sassafe amalanke ke shigowa da kara. Masu gatari suka kawo itatuwan kafi, tsofaffi suka zauna suna tufka igiya, matasa suna haƙa ramuka. Mutanen da jiya suke ce mana marasa tsoron Allah, yau su ne a saman rumfa suna tambayata, "Malam, nan ya yi, ko a ƙara faɗi?" Mata suka aiko da randuna da butoci da sabulu, da kunu a manyan robobi. Fulanin rugar da ke bayan gari, waɗanda 'ya'yansu kaɗan ne a makarantar, suka ɗauki nauyin kawo ruwa a kan jakuna har a gyara rijiya. Wani kafinta ya ɓamɓare langa-langar tagogi. Telan garin ya tattara ƙyallayen atamfa ya ɗinka wa yara takunkumi, sai ga ƙato ɗan aji shida da furanni a baki, yana ta harare-harare kada a yi masa dariya.

Abokina mai ba'a shi ya fi kowa iya ɗaurin rumfa. Yana sama yana ce mini, "Kada ka ɗauka don koronarka nake yi. Ni zafin ajin nan ne ya ishe ni tun tuni."

Muka so dattijon malaminmu ya zauna a gida mu raba darussansa. Ya ƙi. Ya ce, "Ku raba ni da yara, zaman gida ya kashe ni kafin ciwon ya zo?" Sai aka yi masa rumfarsa a can gefe, ta inda iska ke fitowa, aka ajiye kujerarsa nesa da tabarmin yara, aka ja layi da toka a ƙasa. Yaran da suka saba rububin kama hannunsa suka koyi tsayawa a bakin layin su durƙusa su gaishe shi. Ranar farko na ga ya juya kai yana goge ido.

Koyarwa a rumfa ba wasa ba ce. Allo a jingine da itace, iska ta taso ta kifar da shi. Kana tsakiyar rabawa da tarawa sai akuya ta zuro kai tana cin bangon ajin. Muryata ta dushe saboda ihu ta cikin ƙyalle, yara kuma suka raɗa mini Malam Takunkumi, sunan da har yau wasu ke kirana da shi a kasuwar Kibiya. Amma karatu ya kankama, kowa ya wanke hannu kafin ya zauna, kuma hankalina ya fara kwanciya.

Bayan 'yan makonni, wata safiya ina jera yara sai wayata ta yi ƙara. Abokina ne. Ya ce in fito bakin hanya. Na hango shi can nesa a kan mashin ɗinsa, a gindin wata ɗorawa, bai sauko ba. Na nufe shi ina shirin tsokanarsa a kan makara. Sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tsaya nan. Kada ka matso."

Na tsaya. Ya naɗe baki da hanci da rawani, idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Kwana biyu ina zazzaɓi da tari, na ce sauro ne. Jiya matata ta daka daddawa a tsakar gida, yara suna ta toshe hanci. Ni ban ji komai ba. Na sa hancina a cikin turmin, wallahi ban ji komai ba."

A lokacin nan, wanda aka ce yana da wannan ciwo gudunsa ake yi, har iyalinsa a daina sayen abin hannunsu. Da ya sha magani ya shigo ya yi shiru, babu wanda zai sani.

Kamar ya san abin da nake tunani, ya ce, "Na taho ne da niyyar in shigo. Ina isowa nan na hango rumfar Malam. Sai na kasa. Ka gaya wa Hajiya gaskiya, kada ka rage komai. Ni na wuce asibiti."

Ya juya mashin ya tafi. A asibiti suka ba shi magani, suka ce ya killace kansa a ɗaki. Hajiya ba ta ɓoye ba, ta sanar da na sama, ta kira Alhaji ta faɗa masa. Washegari kusan rabin yara ba su zo ba. Alhaji ya tashi a masallaci bayan sallar azahar ya ce, "Malamin da ya ji ciwo ya tsaya a bakin hanya don kada ya kusanci 'ya'yanmu, shi za mu saka wa da gudu? Ni nawa gobe suna makaranta." Da safe shi da kansa ya riƙo hannun tagwayensa har bakin rumfa. A hankali saura suka dawo.

Ni aka ba wa darasin Turancinsa. Allah ya yafe mini abin da na koya wa yaran nan a makonnin. Da yamma kuma nakan bi ta Zinyau in ajiye masa fura da lemon tsami a zaure, in zagaya bayan ɗakinsa mu yi magana ta taga. Akwai ranar da numfashinsa ya yi nauyi har ya kasa amsa mini, na hau mashin ina hawaye har Rano. A makaranta kuma kunnena yana rumfar Malam, ko atishawa ya yi sai na bar allo na leƙa.

Allah ya taƙaita. Abokina ya tashi, ya dawo a rame, da takunkumi har biyu irin nawa. Da na nuna masa, sai ya ce, "Zazzaɓin sauro ne fa. Wannan don kada ka ji kai kaɗai ne." Har yau ba mu san tabbacin abin da ya kama shi ba. Abin da muka sani shi ne babu wani malami ko yaro da ya kwanta bayansa. Dattijonmu ya yi ritaya da ƙafarsa, aka yi masa walima. Mahaifiyata tana nan da ranta, tana ta faɗa da jikoki.

Ba zan ce dabararmu ce ta tsare mu ba, Allah ne ya tsare. Amma na koyi wani abu. Da ina ɗauka jarumi shi ne wanda ba ya jin tsoro, don haka na cire kaina daga lissafi tun ina yaro. A shekarar nan na ga mace ta yi kasadar kujerarta ba tare da ta ɗaga murya ba, na ga mutanen gari sun sauko daga fushi sun hau saman rumfa, na kuma ga cewa faɗin "tsoro nake ji" a gaban jama'a bai rage ni da komai ba. Mun ji tsoro, mun faɗa, kuma ba mu gudu mun bar yara ba.

Ba a ba mu lambar yabo ba, ba a faɗe mu a rediyo ba. Amma idan aka tambaye ni abin da na fi alfahari da shi a aikin koyarwa, ba sakamakon jarrabawa ke zuwa mini ba. Mutum nake gani a kan mashin, can nesa a gindin ɗorawa, jikinsa na rawar zazzaɓi, ya ɗaga hannu yana ce mini kada in matso. A rayuwata ba a taɓa kora ta na ji girman wanda ya kore ni irin na ranar nan ba.